Jinin da Ba a Auna Ba

A Arlit aka fara cutata, kuma da Hausa aka yi ta.

Direban ya karɓi fasfona ya juya shi, ya ga biza, ya yi dariya har da dafa ƙofar mota. Ya ce, "Kai kaɗai ad da takarda cikin mutanen ga duka. To malam, gaba za ka zamna, kusa da ni." Na biya kuɗin gaba. Da aka gama lodi sai na tarar an ba wani mai buhunan albasa wurin, ni kuma aka nuna mini saman jarkoki, aka miƙo mini sanda in soke tsakanin kaya in riƙe kada in faɗo. Na yi magana, direban ya ce in ban so in sauka, motarsa ba ta rasa mai hawa.

Sunana Arzika. Lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin labo a asibitin garinmu, Filinge: ɗibar jini, duba fitsari, neman ƙwayar masassara a madubi. Na daɗe ina rubuta takardun neman ƙaro ilimi, sai ga amsa daga wani babban asibiti na birnin Wahran, a bakin teku, can ƙuryar arewacin Aljeriya. Sun ba ni wuri na shekara guda a sashen masu ciwon zuciya. Ana cikin shirin tikitin jirgi soja suka karɓe mulki a Yamai. Masu ba da tallafin suka janye, kowane biro na shiga sai a ce in dawo jibi. Wasiƙar kuwa ta ce in wata ya ƙare ban iso ba, za a ba wani. Shi ya sa na biyo ƙasa.

Kafin mu kai iyaka direban ya kauce hanya, don sauran fasinjoji ba su son haɗuwa da ma'aikata. Ya tsaya a wani fili da babu ko kara, ya nuna mini wani ɗigo baƙi can nesa. "Ga post ɗin iyaka can. Tunda kai mai takarda na, tahi ka gwada musu ita." Ya jefo mini jakata, suka wuce. Tun hantsi nake tafiya har azahar, ɗigon nan bai matso ba. Takalmin da na saya a Yamai don in shiga asibitin mutane da mutunci, shi ya cinye mini duga-dugai.

Ma'aikacin post ya karanta wasiƙar asibiti sau biyu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce da Faransanci, "Kai ne za ka auna jinin mutane?" Ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi maganarsu da Larabci, suka ce in zauna jikin bango. Bangon ba shi da inuwa. Sai bayan la'asar aka buga mini hatimi. Wata tsohuwar Buzuwa mai dafa shayi a gefen post ta ga leɓena ya tsage, ta miƙo mini kwanon ruwa da dabino uku. Ba ta karɓi komai ba.

A Tamanrasat otel uku na shiga. Ko'ina sai a ce babu ɗaki, ina kallon makullai rataye a bayan mai maganar. Na koma tasha na zauna bisa jakata, na yi tsaki na ce wani abu ni kaɗai. Wani mutum da ke wucewa ya ja birki.

"Kai! Wanga harshe na Kurfai na. Ɗan uwa, mi ya kawo ka nan?"

Ya ce sunansa Illa, mutumin wajen Tawa, amma ya yi cin rani a Bonkuku. Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa shinkafa da wake da tonka, ya riƙa tambayata ko har yanzu Buzaye na kawo raƙuma ran kasuwar Filinge, ko gawon nan na bakin tasha yana nan. Na ci na ƙoshi, na ji kamar na iso gida. Washegari ya ce in kawo kuɗi ya yanko mini tikitin kar, babbar motar fasinja mai zuwa arewa, don in sun ga baƙo ninka masa suke yi. Ya kawo tikiti da Larabci a jiki. Da na miƙa a ƙofar kar, mai dubawa ya ce wannan na motar jiya ne, an riga an hau da shi. Na koma ɗakin Illa na tarar da kwaɗo. Maƙwabta suka ce ba su san wani Illa ba. Har yau abin da ke ci mini rai shi ne, tambayoyin da ya yi mini na gida ba na ƙarya ba ne. Ya san gawon.

Kwana biyu muka yi a kar zuwa arewa. Mota cike, har da masu zama a ƙasa bisa kayansu, amma kujerar da ke gefena ba wanda ya zauna. Duk shingen da muka tarar ni kaɗai ake saukarwa, a zazzage jakata, fasinjoji suna leƙowa ta taga suna gunaguni wai na ɓata musu lokaci. Bayan Gardaya ƙasa ta fara hawa, wani sanyi ya shigo wanda ban taɓa sanin irinsa ba, ni kuwa riga biyu gare ni duk na bazara.

Na isa Wahran saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ɗakin da na samu na wanki ne a saman wani bene, mai shi ya fitar da injin ya saka katifa. Sharaɗinsa kada in yi baƙi, kada in dafa abin da ke wari, kada matarsa ta haɗu da ni a matakala. In na fito da safe yaran unguwa su bi ni suna "kahlush, kahlush", wato baƙi, manyansu na zaune a kafe suna kallo.

Shugabar labon wata dattijuwa ce, Madam Zuhra, gajera mai tabarau a igiya. Ta riƙe wasiƙata da yatsu biyu.

"Mu ba mu nemi kowa ba. Farfesa, shugaban sashe, shi ya sa hannu, shi kuwa ba ya shigowa nan. Me ka iya?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Nan ba daji ba ne, injuna gare mu." Ta kai ni ƙarshen ɗakin, inda famfo yake da kwandon tib, ƴan kwalaben da ake zuba jini. "Wanda aka gama da shi ka zubar, ka wanke, ka shanya. Kada ka taɓa inji." Sunana ma bai zauna musu a baki ba, sai suka mayar da ni Arezki, sunan mutanen duwatsunsu.

Daga bakin famfon nan na koyi abin da na koya, da ido da kunne. Mutum zai zo jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta toshe. Likitoci su zura waya siririya ta hannu ko ta cinya har ta kai wurin, su buɗe hanyar, su bar wani ɗan ƙarfe kamar raga a ciki don kada ta sake rufewa. Risor suke kiransa. Mutum ya tashi ya tafi gida yana ganin ya warke. Amma wasu bayan watanni sai a dawo da su a kwance, hanyar ta sake cushewa, wasu ma ba a dawowa da su. Abin da Farfesa ke nema shi ne a gane su wane ne tun kafin abin ya faru, kuma a jini yake neman amsar. Akwai maiƙo iri-iri a jinin mutum. Akwai mugu, wanda ke kwanciya jikin jijiya kamar laka a bututu. Akwai na kirki, wanda ke sharewa. Akwai na uku, wanda in ya yi yawa yakan mayar da ruwan jini fari. Duk wanda aka sa wa risor ana ɗibar jininsa bayan wata guda, bayan wata uku, bayan wata shida, tib biyu kowane zuwa: ɗaya a auna, ɗaya a ajiye a ƙanƙara. In mugun ya ƙi sauka, ko na kirkin ya yi ƙasa na ukun ya hau, sai a kira mutum a ƙara masa magani, a sa masa ido.

Awon nan yana hannun wani matashin likita, Dokta Samir, wanda da awon zai rubuta littafin gama karatunsa. Mutum ne mai fara'a da kowa ban da ni. Kullum sauri yake, don da rana yana wani aikin a kilinik na kuɗi. Ya shigo, ya kwashi tib ya shiga ƙaramin ɗakin inji ya rufe, ya fito ya cika rajista, ya turo mini kwando da ƙafa.

Sau ɗaya aka ba ni allura. Ran nan ma'aikata biyu ba su zo ba, layi ya yi tsawo, Madam Zuhra ta ce, "Arezki, ka ce ka iya ɗibar jini. Zo." Na farko a kujera wani tsoho ne mai farin gashin baki, Si Lahdar, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mai ciwon suga, wata guda da sa masa risor. Na gaishe shi da ɗan Larabcin da na tsinta, na kama hannunsa zan ɗaura roba. Ya fizge kamar na ɗora masa garwashi. Ya juya wajen Madam Zuhra ya ce, "Ku nemo mini mutum." Wata mata a layin ta rufe baki tana dariya. Madam Zuhra ta karɓi allurar daga hannuna ba ta dube ni ba. Na koma famfo. Ni da a Filinge tsofaffi ke cewa a jira Arzika, hannunsa ba ya zafi.

Ran Juma'a bayan masallaci nake kiran matata Hajo daga shagon tarho. Shekarar hatsi bai yi ba a Kurfai, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara ta raba. Takan ce, "Muna lahiya, kar ka sa mu ga rai. Inna ta ce kala suru." Haƙurin Zabarmawa ke nan da tsohuwata ke aiko mini kowane mako. Sai Hajo ta ce, "To mi anka koya maka satin ga?" In ce mata abubuwa da yawa. In fito in bi bakin teku ina tunanin hura da nonon ran kasuwa, da jan dutsen da ke bayan gari in rana ta yi yamma. Teku bai taɓa burge ni ba. Ruwa ne mai yawa da ba a sha.

Cikin wata na tara, wata safiya, na ɗauko tib daga kwando zan zubar, sai hannuna ya tsaya. Murfinsa ba a taɓa buɗe shi ba. Ruwan jinin yana nan cike yadda ya fito daga injin juyawa, ba a ɗebi ko ɗigo ba. Kuma ruwan da ya kamata ya zama garau kamar man gyaɗa, fari ne kamar an dama nono. Na karanta sunan da ke jiki: Si Lahdar, awon wata shida. Na faki ido na leƙa rajista. An riga an cika layinsa, kuma lambobin da aka rubuta na mai lafiya ne sarai, har an buga takardar an ba shi ya tafi da ita.

A Filinge ba mu da injunansu, da ido muke fara awo. Na san mutum in ya ci mai da safe kafin a ɗebi jininsa ruwan kan yi fari. Don haka na ɓoye tib ɗin a ƙuryar firijo ya kwana. In abinci ne kawai, man zai taso sama ya taru, ƙasa ta washe. Washegari na duba: ga mai a sama, ƙasan ma bai washe ba. Da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, na jawo wani tsohon inji mai auna launi da suka yasar a kusurwa, irin wanda na yi shekaru ina aiki da shi. Na zuƙi kaɗan da allura ta cikin murfin ba tare da na buɗe shi ba, na auna sau biyu. Maiƙon na uku ya wuce inda injin ke iya karantawa, sai da na sirka. Mugun yana sama, na kirkin ya kusa ɓacewa.

Na tari Dokta Samir a baranda, na yi magana a hankali, na ce wataƙila an yi kuskure. Ya dubi takardar da na rubuta sakamakon a kai, fuskarsa ta canja.

"Wa ya ba ka izinin taɓa inji?"

"Dokta, mutumin nan yana cikin haɗari. A kira shi kawai a sake ɗiba."

"Ka san takardar zamanka a ƙasar nan da sa hannun wa take tafiya? Koma ka wanke kwalabe." Ya yayyaga takardar ya saka a aljihu.

Na je wurin Madam Zuhra da tib ɗin. Ta ɗaga shi ga hasken taga, ta daɗe tana kallo. Mace ce da ta san aiki, ba ta bukatar a faɗa mata abin da take gani. Ta mayar mini.

"Saura wata uku ka karɓi takardarka ka koma ƙasarku. Uban Samir abokin Farfesa ne. Tsohon da kake wa wannan kuwa, ka manta abin da ya ce maka?"

"Ban manta ba, Madam."

"To zubar."

Kwana biyu tib ɗin yana firijo. Na yi ta lissafin abin da na bari a gida: Hajo da yara cikin shekarar yunwa, tsohuwa, hanyar da na biyo. In na koma hannu wofi me zan ce na je yi? Kuma ba zan ɓoye ba, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ce bar shi, ai mutum ya nema, ga mutane nan sun auna masa. Rana ta uku na idar da sallar asuba na kasa tashi daga buzu. Na ga in tsohon nan ya faɗi a matakalar gidansa, ni na sani, kuma Allah ya san na sani.

Farfesa yakan ratsa tsakar asibiti da ƙarfe takwas, ɗalibai na biye da shi. Na tsaya a gabansa da farar rigata mai jiƙaƙƙen hannu. Bai gane ni ba, ya ɗauka mai shara ne, ya nemi kaucewa. Na ɗaga tib ɗin daidai idonsa na ce, "Farfesa, wannan na majinyacinka ne. A rajista an rubuta lafiya lau." Ya karɓa, ya dubi murfin, ya dubi launin. Ya saka a aljihu ya wuce.

A ranar aka aika wa Si Lahdar. Da aka matsa masa da tambaya ya ce tun da ya ga takarda ta yi kyau ya daina shan ƙwayar rage maiƙo, don tana sa masa ciwon ƙafa, ya koma cin abin da yake so. Ya ce kwanan nan in ya hau bene ƙirjinsa na ɗaurewa, amma ya ɗauka sanyi ne. Suka zura waya suka duba. Hanyar ta kusa rufewa a cikin risor ɗin. Suka sake buɗe ta a yinin.

Na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana huɗu aka kira ni biron Farfesa. Dokta Samir na zaune, Madam Zuhra na tsaye jikin ƙofa. Dokta Samir ya yi bayani tsaf, ba gargada: wai tun zuwana tib ke rikicewa, ina kwashe waɗanda ba a auna ba ina haɗawa da na wanki, shi ya sa lambar wani ta hau kan sunan wani. Ga shi kuma na taɓa inji da magungunan awo ba izini, ni da kaina na amsa.

Na ce, "Madam Zuhra ta ga murfin."

Farfesa ya dube ta. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta ce, "Na ga tib fari. Ban san daga inda ya fito ba."

Farfesa ya sallame su, ya bar ni. Ya ce, "Idonka yana da kyau. Amma ka tsayar da ni gaban ɗalibaina da jinin majinyaci a hannu, kuma kai baƙo ne, ba ka da hurumin yin awo a nan. Ba zan iya riƙe ka ba." Ya miƙo mini takarda mai layi biyu, wadda ta ce na halarci sashen na wasu watanni. Ba ta ce na koyi komai ba, ba ta ce na gama ba.

Ina fitowa na ci karo da Si Lahdar ana tura shi a keke, ɗansa na biye. Labari ya riga ya kai musu cewa baƙin nan ne ya rikita jinin tsoho har ya kusa mutuwa. Ɗan ya shaƙe mini wuyan riga ya haɗa ni da bango, yana zagi yana tofa mini yawu a fuska. Ma'aikata na tsaye, ba wanda ya ce ba haka ba ne. Tsohon ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Mai gadi ne ya raba mu, ni ya raka har bakin ƙofa.

Takardar zamana ta mutu tare da aikin. Sati uku na yi a ɗakin wankin nan ina jiran ɗan abin da ƙanena zai turo in yi guzuri, ba na fita sai sayen burodi. Ran da zan tafi, ina zaune a tasha da hantsi, sai na ga Madam Zuhra tana ratsa mutane da jaka a hannu. Mai gidan da nake ne ya gaya mata. Ta zauna a kujerar da ke gefena, ta ɗora mini jakar a cinya. Rigar sanyi ce ta mijinta, da wani littafi mai baƙin bango wanda ta rubuta hanyoyin awon maiƙo da hannunta tun tana budurwa, na lokacin da su ma ba su da injuna.

Ta ce, "Farfesa ya sa an fiddo duk na cikin ƙanƙara. Ni na auna su, ɗaya bayan ɗaya. An kira waɗanda ya kamata a kira."

"Dokta Samir fa?"

"Yana nan. An ɗaga masa littafinsa zuwa baɗi. Amma akwai wadda ba a samu ba. Wata mata, Yamina. An sa mata risor kafin ka zo, awonta na wata uku ya faɗo cikin watanka na biyu. A rajista lafiya lau. Da na narkar da nata, ya fi na tsohon nan fari. Ta rasu da azumi, tana shanya a saman gidanta. Na daɗe ina zargin yaron nan. Shekara talatin ina wannan aiki, na san ba a gama tib arba'in cikin rabin awa. Na yi shiru, don saura mini shekara biyu in huta. Ka yafe mini, Arzika."

Ranar ce kaɗai ta faɗi sunana daidai. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Aka kira fasinjoji, na hau.

Na iso Filinge an riga an yi zaɓe, soja sun koma bariki. Takarda mai layi biyu ba ta ƙara mini komai a wurin aiki ba, na koma kan kujerata ta da. Hajo ta saurari labarin duka, ta ce, "To ai ka hidda rai guda, ya isa." Mutanen gari ma da suka ji, haka suka riƙa faɗa, har wani abokina malamin lakwal yana ba ɗalibansa labarina. Littafin Madam Zuhra ya yi mini amfani. Masu hawan jini da masu suga na zuwa daga Bonkuku da ƙauyukan Imanan, ina auna musu abin da zan iya, wanda na ga nasa ya yi yawa in tura shi Yamai tun yana kan ƙafarsa.

Amma akwai abin da ban faɗa wa Madam Zuhra a tasha ba, ban kuma faɗa wa Hajo ba sai bayan shekaru. Da ta ambaci Yamina, na san sunan. Cikin watana na biyu a bakin famfon nan, tib ɗinta ya zo hannuna. Murfinsa a rufe, ruwansa fari fat. Na gane abin da nake gani, ba wai ban gane ba. Amma lokacin ko hanyar gidana ban gama sani ba, ƙafata ba ta warke daga tafiyar iyaka ba, kuma na ce wa raina wataƙila haka suke aikinsu a nan. Na Si Lahdar na tsaya a kansa ne don na san fuskarsa, ko da fuskar zagi ce. Ita kuwa suna ce kawai a jikin kwalba.

Ban taɓa ganinta ba. Ban san ko tana da ƴaƴa ba. Na riƙe jininta a hannuna kamar minti guda, na waiga na ga ba mai kallona, na cire murfin da kaina, na buɗe famfo.